Darasi na 9: Limfomar Tumbi da Hanji, Kariya da Magani Tun da Wuri

Da wuya mutum ya shiga gida a ƙasar Hausa ya rasa mai cewa yana fama da olsa. Wani ƙirjinsa ke zafi bayan ya ci abinci, wani cikinsa ke murɗawa da tsakar dare, wata kuma da ta yi loma biyu sai ta ji ta cika. Duk suna ɗaya ake ba su, gyambon ciki, kuma galibi ba likita ne ya faɗa ba. Mai kemis ne, ko maƙwabciya, ko shi kansa mai ciwon. Sau da yawa zancen bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai a cikin wannan taro akwai 'yan tsiraru da abin da ke damunsu ya wuce gyambo. Wata irin kansa ce da ake kira limfoma, wadda a farkonta alamominta ba su da bambanci da na olsa.

An ware mata darasi guda ne saboda tana daga cikin cututtukan kansa da suka fi jin magani. Akwai nau'inta da idan an gano shi da wuri, ƙwayoyin magani na mako biyu kan isa su kwantar da shi, ba tiyata, ba gashi da na'ura. Mutane da yawa da zarar sun ji an ambaci kansa sai su yanke ƙauna, su ɗauke marar lafiyarsu su koma gida. A wannan cuta, yin hakan asara ce babba.

Mece ce limfoma?

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu yaƙar cuta. Wani rukuni nasu ana kiransa limfosait. Suna yawo a cikin jini, suna kuma taruwa a wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke wuya da hammata da matsematsi da can cikin ciki. Duk wanda ya taɓa yin kaluluwa saboda rauni a ƙafa ya san su, don su ne suka taru suka kumbura domin tare cutar da ta shiga ta raunin. Idan rauni ya warke, kaluluwa ta sace.

Ana cewa mutum ya kamu da limfoma idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace, suka yi ta hayayyafa babu tsayawa. Yawanci abin yana farawa ne a ƙulle-ƙullen da muka ambata, amma yakan fara a wasu sassan jiki, kuma a cikin waɗannan sassa babu inda ya fi kamawa kamar hanyar abinci. Tumbi ne a gaba, sai ƙananan hanji, musamman wajen da suka haɗu da babban hanji. Duk da haka ba cuta ce mai yawa ba. A cikin kansar da ke kama tumbi, limfoma ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, ko ƙasa da haka.

A tumbi nau'i biyu ne suka fi yawa. Ɗaya mai tafiyar hawainiya ce, takan yi shekaru a fatar cikin tumbi ba ta je ko'ina ba, kuma likitoci suna rubuta ta da sunan MALT. Ɗayar mai manyan ƙwayoyi ce, mai saurin girma cikin makonni ko 'yan watanni. Ta farkon ce za ta ci mafi yawan wannan darasi, domin a kanta ne mutum da iyalinsa suke da abin yi mai yawa.

Ƙwayar cutar da ke hura ta

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin tumbi saboda tsamin ruwan da ke cikinsa. Gyambon ciki kuwa ana ɗora shi a kan damuwa da yaji da yunwa. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da suka ciro daga tumbin marasa lafiya. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa ita ce ke haddasa ciwo, sai Marshall ya shanye ruwan da aka raine ta a ciki a 1984, kuma cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Sunan ƙwayar Helikobakta failori, kuma a takardar gwaji za ku ga an rubuta H. pylori.

A daidai wannan lokaci, a 1983, wasu masana biyu a Ingila, Peter Isaacson da Dennis Wright, suka bayyana limfomar MALT a matsayin cuta mai zaman kanta. Da aka ci gaba da bincike sai aka lura da wani abin mamaki: a 1991 an duba tumbin masu wannan limfoma 110, aka sami Helikobakta a 101 daga cikinsu. Shekara biyu bayan haka, a 1993, likitocin Landan da na Italiya suka ba mutum shida masu cutar maganin kashe ƙwayar kaɗai. A biyar daga cikinsu limfomar ta ɓace. Wannan ya sauya yadda ake kula da cutar a duniya baki ɗaya, domin kafin nan yanke tumbi ake yi. A 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta sanya Helikobakta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Ta yaya kashe ƙwayar cuta zai warkar da kansa? Lafiyayyen tumbi ba shi da tarin limfosait a fatarsa. Idan Helikobakta ta zauna, jiki yakan turo su su yaƙe ta, amma ba sa iya gamawa da ita. Haka za a yi ta fafatawa shekara ashirin, talatin, arba'in, ƙwayoyin suna ta hayayyafa, har wata rana ɗaya daga cikinsu ta sami tangarɗa ta fara yaɗo ita kaɗai. A farkon lamarin, wannan lalatacciyar ƙwaya ba ta iya ci gaba sai da tsokanar da Helikobakta ke yi. Kamar wutar murhu ce: muddin ana tura itace tana ci, in an janye itacen sai ta mutu da kanta. Amma idan aka bar ta ta daɗe, takan kai matsayin da ba ta ƙara bukatar tsokanar, a nan kuwa kashe ƙwayar cutar kaɗai ba zai wadatar ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa lokaci yake da muhimmanci.

Kariya

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da Helikobakta, kuma a Afirka abin ya fi haka. Wasu binciken da aka yi a Nijeriya sun same ta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da aka gwada. Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Mafi yawan masu ɗauke da ita har su tsufa ba za su san tana nan ba. Wasu za su yi gyambo, kaɗan za su yi kansar tumbi, waɗanda za su yi limfoma kuwa ba su taka kara sun karya ba. Amma mafi yawan masu limfomar MALT ta tumbi ta wannan hanya suka biyo.

Yawanci tun ana yara ake ɗaukar ta, kuma a cikin gida. Tana bi ta yawu, ta amai, da ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Cunkoso a ɗaki ɗaya da rashin tsabtataccen ruwan sha suna taimaka mata ƙwarai. A ƙasashen da aka gyara harkar ruwa da masai, yawan masu ɗauke da ita ya yi ta raguwa daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, ba tare da wata allura ba. Har yanzu babu allurar rigakafinta, saboda haka tsabta ce makamin da ke hannunmu.

A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci. Ruwan kwano ɗaya da mutum goma za su tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo ba wanki ba ne; a zuba wa kowa da buta. Rijiya ta yi nesa da masai, a kuma rufe bakinta. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi, musamman wanda yara za su sha. Akwai kuma wata al'ada da iyaye mata da kakanni ke yi saboda ƙauna, wato tauna wa jariri abinci a sa masa a baki, ko lasar cokali kafin a ba shi. Wannan hanya ce miƙaƙƙiya daga tumbin babba zuwa na yaro, kuma barinta ba ya cin ko kwabo. A dama abincin, ko a murƙushe shi da cokali mai tsabta.

Kariya ta biyu ita ce magance ƙwayar ga wanda ta fara damu. Wanda aka tabbatar yana da gyambo, ko ciwon cikinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi kansar tumbi, ya kamata a gwada shi. Ana gwajin ta bayan gida ko ta numfashi. Gwajin jini da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya tabbatar da ko tana nan yanzu.

Ta uku ta shafi garkuwar jiki. Cutar ƙanjamau tana ninka haɗarin kamuwa da limfoma, ciki har da ta hanji, kuma shan maganinta kullum ba fashi yana rage wannan haɗari sosai. Sanin matsayin mutum da riƙe magani kariya ce daga kansa.

Alamomin da ba a zama da su a gida

A nan ne gizo ke saƙar. Ciwo a saman ciki, ƙwannafi, tashin zuciya, kumburin ciki, duk ana samunsu a olsa, ana kuma samunsu a limfoma. Maganin olsa irin su omefirazol da farin ruwan nan na kwalba suna lafar da zafin ko da limfoma ce, sai mutum ya ɗauka ya samu sauƙi. Haka masu jiƙa kanwa su sha. Zafi ya lafa, cuta tana nan tana aikinta.

Saboda haka ku riƙe wannan ƙa'ida: ciwon cikin da aka sha wa magani wata ɗaya ko biyu bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa, na asibiti ne. Akwai kuma alamomin da ba a jiran ko da wannan watan. Ramar da ba a san dalilinta ba. Aman jini, ko amai mai duhu kamar an dama gari baƙi. Bayan gida baƙi wuluk mai yauƙi da wari. Ƙoshi da wuri ga wanda a da yake cin abinci sosai. Amai a kai a kai, ko wahalar haɗiya. Ɗashewar tafin hannu da cikin ido tare da kasala da haki, wanda ke nuna jini yana zuba a ɓoye. Ƙullutu da ake ji da hannu a ciki. Zazzaɓin da aka yi ta yi wa maganin maleriya da taifot bai tafi ba, tare da gumin dare mai jiƙa riga. Haka kuma wanda ya haura shekara hamsin sannan ciwon ciki ya fara masa sabo, kada ya tsaya a kemis.

Idan mutum ya fara ramewa haka siddan, a wurare da yawa zancen da ke fara fitowa shi ne sammu, ko an ba shi wani abu a abinci. Sai a yi watanni ana zagaye, ana ba shi abin da zai sa shi amai ko gudawa don a fitar da abin da aka ce an ba shi, alhali tumbin da ke zubar da jini ba ya bukatar ƙarin wahala. Babu mai hana addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Wasu kuma sukan saya wa mai rama ƙwayoyin sa ƙiba. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin siteroid, irin su dekisametazon, wanda kan motsar da limfoma na ɗan lokaci har ta ɓuya wa mai gwaji, sannan ta dawo. Magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen da asfirin su ma suna ƙara zubar jini a tumbi. Duk abin da marar lafiya ya sha, na bature ko na gargajiya, a faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye.

Abin da za a tarar a asibiti

Hoton ciki da aka saba yi, wanda ake shafa mai a goga na'ura a kan fata, ba ya ganin limfoma tun tana ƙarama. Abin da ke gano ta shi ne leƙen tumbi. Ana zura wani siririn bututu mai laushi, mai kyamara da fitila a bakinsa, ta maƙogwaro har cikin tumbi. Mutum zai zo bai ci komai ba na wasu awanni, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a yi masa allurar da za ta kwantar masa da jiki. Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma a ranar ake komawa gida. Ana yin sa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, da wasu manyan asibitoci.

Ido kaɗai ba ya raba gardama, domin a kyamara limfoma takan yi kama da gyambo ko ja-ja-jan kumburi. Dole likita ya tsinko 'yan ƙananan tsoka daga wurare da dama, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin ƙara girma. Akwai masu tsoron cewa taɓa kansa yana sa ta bazu. Wannan tsinke ba ya baza ta, kuma in babu shi ba a san abin da ake yaƙa ba. A hanji ma haka ne, domin tarin fuka na hanji yana kama da limfoma ƙwarai, kuma maganinsu ya sha bamban. Sakamakon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. A koma a karɓa. Takardun da aka bari a asibiti ba a karɓa ba sun jawo wa mutane da yawa jinkirin da bai kamata ba.

Idan an tabbatar, sai a auna nisan da ta yi da hoton siti-sikan da gwaje-gwajen jini. Mataki na 1 shi ne tana cikin bangon tumbi ko hanji kawai. Mataki na 2 ta taɓa ƙulle-ƙullen da ke cikin ciki. Waɗannan, musamman na 1 da farkon na 2, su ake nufi da matakin farko. Za a kuma gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Gwajin hanta ba ɓarnar kuɗi ba ce: nau'in B ya yawaita a yankinmu, kuma wasu magungunan limfoma suna tayar da shi idan ba a riga an ba da maganin da zai danne shi ba.

Magani

Ga limfomar MALT ta tumbi, matakin farko shi ne kashe Helikobakta. Ana haɗa magani uku ko huɗu na tsawon kwana 14: mai rage tsamin tumbi kamar omefirazol, da masu kashe ƙwayoyin cuta guda biyu daga cikin amoksisilin, kilaritoromaisin, metronidazol da tetarasaikilin, wani lokaci a ƙara da bismot. Likita ne zai zaɓi haɗin, bisa ga abin da mutum ya taɓa sha da abin da jikinsa ba ya karɓa. A cikin masu matakin farko, kimanin uku cikin huɗu limfomarsu takan kwanta da wannan kaɗai.

Kwana 14 ɗin nan ba su da daɗi. Baki yakan yi ɗaci, zuciya ta riƙa tashi, wani ya yi gudawa. Bismot yana baƙanta harshe da bayan gida, wanda ba shi da illa in an san dalilinsa. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a rubuta, don ba a ba ta tetarasaikilin. Ba a shan giya tare da metronidazol. Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a shanye maganin duka, a kan lokaci. Wanda ya tsaya a kwana na biyar don ya ji sauƙi ya kashe raunanan ƙwayoyin ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Idan lokacin ya faɗo cikin azumi, a tattauna da likita. Wani haɗin sau biyu ake sha a rana, wani sau huɗu, kuma marar lafiya yana da rangwame a addini.

A nan ya kamata mu dubi wata ɗabi'a tamu da idon basira. Ciki ya ɗan murɗa, sai a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl (wato metronidazol) biyu da kafso ja da yalo. Mura ta kama, sai amoksisilin na kwana biyu. Kowane irin wannan sha yana koya wa Helikobakta da ke zaune a tumbi yadda za ta jure maganin. A ƙasashen Afirka da dama, mafi yawan ƙwayoyin da aka gwada sun daina jin metronidazol. Ranar da aka zo neman maganin don kashe kansa, sai a tarar an riga an dushe kaifinsa a kan ciwon da ko ba magani zai warke. Mai kemis da ke ɓare kati ya sayar da ƙwaya biyu, da mai sayen, duka suna da hannu a ciki.

Bayan an gama, sai a jira aƙalla mako huɗu zuwa shida a sake gwajin numfashi ko na bayan gida don a tabbatar ƙwayar ta mutu. Kafin gwajin ana dakatar da omefirazol na mako biyu, in ba haka ba sakamakon zai iya nuna babu alhali tana nan. Idan ba ta mutu ba, a sauya haɗin a sake.

Ita limfomar ba ta ɓacewa rana ɗaya. Wani cikin wata uku, wani sai ya kai shekara, wani ma ya haura. Don haka ake sake leƙen tumbi bayan wata biyu zuwa uku, sannan duk wata shida har shekara biyu, daga nan a riƙa tazara. Muddin tana raguwa kuma mutum ba ya jin ciwo, likita yakan ce a yi haƙuri a sa ido, kuma wannan ba sakaci ba ne. Bibiyar tana da wani amfanin: wanda ya yi wannan limfoma yana da ƙarin haɗarin wata kansar tumbin ta daban, kuma leƙen yana kama ta da wuri.

Akwai waɗanda maganin ƙwayar ba zai wadatar da su ba, ko don cutar ta nutsa cikin bangon tumbi, ko don wani sauyi a ƙwayoyin halittar limfomar inda wani yanki na kuromosom na 11 da na 18 suka yi musaya, ko kuma tun asali ba a sami Helikobakta ba. Su ma ba su rasa mafita ba. Gashi da na'ura na mako uku zuwa huɗu, da ƙaramin awo, yana kawar da ita a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu matakin farko. Ba wuta ake sa wa mutum ba, haske ne da ba a gani, kuma ba a jin zafi lokacin yin sa, sai dai tashin zuciya da gajiya daga baya. Akwai cibiyoyin gashi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Shika, da Sakkwato, a Nijar kuma akwai a cibiyar yaƙi da kansa da ke Yamai. A tuntuɓa kafin a kama hanya. Inda gashi bai samu ba, ana amfani da rituksimab, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa, shi kaɗai ko tare da wani maganin kansa.

Mai manyan ƙwayoyi kuwa ba a jira da ita. Maganinta haɗin magungunan kansa ne da ake sawa ta jijiya duk bayan kwana 21, har zuwa zagaye shida, kuma a matakin farko mafi yawan masu ita suna warkewa. Gashin kai yakan zube ya sake fitowa. Garkuwar jiki takan yi rauni tsakanin zagaye da zagaye, saboda haka zazzaɓi a wannan lokaci na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Babbar matsala ita ce tsayawa a tsakiya saboda kuɗi. Gara dangi su zauna tun farko su tambayi jimillar abin da za a kashe, su nemi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin, su tsara yadda za a kai ƙarshe. Tiyata a yau sai in hanji ya toshe, ko ya huje, ko jini ya ƙi tsayawa.

Na hanji

Akwai wata limfoma ta ƙananan hanji da aka fi sani a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, mai kama matasa da suka tashi cikin talauci da rashin tsabtataccen ruwa. Alamarta gudawa ta watanni, ciwon ciki, rama, wani lokaci kan yatsu ya yi kauri. An danganta ta da wata ƙwayar cuta mai suna Kamfailobakta, wadda ake ɗauka daga naman kaji da bai dahu ba, madarar da ba a tafasa ba da gurɓataccen ruwa. Ita ma a farkonta takan kwanta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai dai na wata shida ko fiye, ƙarƙashin kulawar likita. A Turai kuma akwai wadda ke bin masu cutar da hanjinsu ba ya jure alkama, kuma kariyarsu ita ce barin alkama da sha'ir har abada.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce limfomar Burkitt, mai sunan likitan tiyata Denis Burkitt da ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Yara take kamawa, maza sun fi mata, a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana tasowa ne idan maleriya mai maimaituwa ta haɗu da wani bairos mai suna Epstein-Barr da kusan kowa ke ɗauka tun yana ƙarami. An fi saninta da kumbura muƙamuƙi, amma sau da yawa a ciki take fitowa. Saurinta ya wuce misali, don takan ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaron da cikinsa ko fuskarsa ke kumbura ana gani cikin 'yan kwanaki, a kai shi babban asibiti a ranar, kada a tsaya tsaga ko shafe-shafe. Saurin girman nata shi ne kuma ya sa take jin maganin kansa sosai, kuma yara da yawa da aka kai da wuri suna warkewa sarai. Kwana cikin gidan sauro da magance maleriya da zarar ta kama suna rage wa jikin yaro nauyin da ke share mata hanya.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya tattauna a kan wannan: wani magidanci ɗan shekara 52 ya yi shekara uku yana shan maganin olsa daga kemis. A watannin nan wandonsa ya fara yi masa yawa, kuma matarsa ta lura ba ya iya cinye rabin abincinsa. Ya ce ba zai je asibiti ba don kada a zura masa bututu. Me za ku faɗa masa, kuma wa ya fi dacewa ya faɗa masa?

Bayan haka kowa ya amsa a littafinsa. Me ya sa kashe Helikobakta ke warkar da limfomar MALT a farkonta amma ba lallai ya warkar da ita daga baya ba? Me ya sa ake dakatar da omefirazol kafin a sake gwaji? Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

Kafin zama na gaba, kowa ya auna taku nawa ne tsakanin masai da rijiya ko randar ruwan sha a gidansu, ya kuma binciko asibiti mafi kusa da garinsu da ake leƙen tumbi, da ranakun da ake yi.